SL500 ta 1998 ko ta 1999: wadda na ɗauka da dalilin da ya sa

Wata takwas ke nan da na sayi Mercedes SL500, samfurin da ake kira R129, kuma har yau duk inda na tsaya da ita, ko a gidan mai a Kwangila ko a bakin masallacin Juma'a, sai an samu wanda ya leƙo ya tambayi shekararta. In na ce 1999, waɗanda suka san mota sukan ɗan yi jim, sannan su ce, "Kai, ai da ta 1998 ka samu." To na samu. Makullinta ya kwana biyu a aljihuna, na tuƙa ta har gaban Shika na dawo, kuma na mayar wa masu ita. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in faɗi yadda aka yi, don wanda ke tsakanin waɗannan shekaru biyu kamar yadda na tsinci kaina.

Son motar nan ya daɗe a raina. Ina ɗalibi a Samaru, farkon shekarun 1990, wata ta wuce ta gaban babbar ƙofar jami'a da rufinta a buɗe, mu kuwa muna tsaye muna jiran bas ɗin Sabon Gari. A lokacin V-boot ce ƙarshen burin kowane saurayi, amma wannan daban take: gajera, faffaɗa, kamar an danne ta a kan kwalta. Daga baya na san cewa a 1989 aka fara yin ta a garin Biremen na Jamus, ƙarƙashin jagorancin mai zanen motocin kamfanin, Bruno Sacco, aka kuma ci gaba da yi har 2001. Da farko 500SL ake rubuta mata a baya, a 1993 aka juya sunan ya koma SL500. Tana da wani ƙarfe a bayan kujeru da ke miƙewa da kansa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa idan motar ta ji za ta kife, don ya kare kan mutanen ciki. Gimbiya Diana ta Ingila ma ta hau irinta na ɗan lokaci. Na yi shekara talatin ina kallon ta a hannun mutane, sai bara Allah ya hore mini abin saye.

Abin da ban zata ba shi ne in samu biyu a lokaci guda, duka a Zariya, duka shigowar Amurka, duka da takardun kwastan a cike. Ta 1998 baƙa ce, tana wani gida a GRA. Mai ita dattijo ne, ya rasu, magada suna son a sayar a raba. Ta 1999 ruwan toka ce, tana hannun wani dillali a hanyar Kaduna, wajen Danmagaji. Kuɗin da aka sa musu bai yi nisa da juna ba, har ma baƙar ta ɗan fi sauƙi.

Wanda bai san su ba zai ce mota ɗaya ce launi biyu. Sai ka matsa kusa za ka ga madubin gefe na 1999 ya fi zagaye, hannun ƙofarta launin jikin motar ne, agogunan dashbod ɗinta an kewaye su da farin ƙarfe, sitiyarin ma an canza. Tayar 1998 inci 16 ce, ta 1999 inci 17, kuma faifan burkin gaba na 1999 ya fi girma. Giyarsu iri ɗaya ce, otomatik mai hawa biyar, wadda makanikai ke kira 722.6. Duk wannan kwalliya ce. Ainihin bambancin yana ƙarƙashin bonet.

Ta 1998 ita ce shekarar ƙarshe ta injin M119 a cikin SL. Silinda takwas, lita 5.0, bawul huɗu a kowace silinda, jimilla 32, ƙarfin doki 315 a lissafin Amurka. Shi ne injin da ke cikin babbar S500 ta W140, wadda ake wa laƙabi da Beast a nan, da kuma 500E ɗin nan da kamfanin Porsche ya taya Mercedes haɗawa. Ta 1999 kuwa da ita aka fara sa M113 a cikin SL: shi ma silinda takwas, lita 5.0, amma bawul uku a kowace silinda, filogi biyu-biyu, wato filogi 16, ƙarfin doki 302. Doki goma sha uku ke tsakaninsu. Wajen ƙarfin ja, tsohon yana ba da 470, sabon 460 a ma'aunin Nm, sai dai sabon yana kai wa ga nasa tun injin bai ɗaga murya sosai ba. Masu son tsofaffin motoci suna ganin M119 shi ne na ƙarshe a cikin injunan da Mercedes ta yi ba tare da kallon aljihu ba, M113 kuwa an yi shi ne lokacin da kamfanin ya fara tsimi. Ba ƙarya suka yi ba. Wani ƙarin dalilin da ya sa ake rububin 1996 zuwa 1998 shi ne an riga an bar wayoyin injin nan na farkon shekarun 1990 masu ruɓewar fata, an kuma cire distiributa an sa kwail a kan kowane filogi. Wato tsohon inji ne da aka gyara masa halayensa.

Ga wanda zai je dubawa, kada ya dogara da bakin dillali. A motocin Amurka, lambar shasi ta mai M119 tana farawa da WDBFA67, ta mai M113 kuma WDBFA68. Harafi na goma shi ke nuna shekara: W ta 1998, X ta 1999. Na ga an manna madubin sabuwa a jikin tsohuwa a wani wuri, don haka lambar ce shaida.

Da baƙar na fara. Babban ɗan marigayin ya buɗe mana garejin da hantsi, ni da makanikena, wanda ya shekara ashirin yana duba mini motoci a Tudun Wada. Ƙurar hunturu biyu ta kwanta a kanta har ana iya rubutu da yatsa. Amma da aka buɗe ƙofa, warin fatar kujerun nan na asali yana nan, katakon dashbod bai tsage ba, littafin sabis yana cikin akwatin gaba da rubutun hannun dattijon, kwanan wata da adadin mil na kowane juyen baƙin mai. Na tsaya ina karanta littafin nan na fi minti biyar. Mutumin ya so motarsa.

Muka sa sabon batir a but, inda mazauninsa yake, muka zuba fetur mai kyau. Kafin in murza makulli makaniken ya ɗaga mini hannu. Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a gaban injin, ya kafa kunnensa a kan ƙotar.

"To Alhaji, tayar."

Ta tashi a bugu na biyu. Amma a daƙiƙa biyun farko akwai wani ƙara, kacau-kacau, kamar an ja sarƙa a kan kwano, sannan ya ɓace. Bayan ta daidaita sai wani ɗan tik-tik ya rage ta gefen dama. Ya matsar da sukudirebar zuwa murfin bawul, ya saurara, ya miƙe yana goge hannu.

"Ka ji na farkon? Sarƙar tayimin ce. Robobin da take bi a kai sun tsufa, in ɗaya ya karye ya faɗa ciki, sarƙa ta yi tsalle, bawul ya haɗu da fistin, shi ke nan. Na biyun kuma ƙananan bututun da ke kai mai saman injin ne, na roba ne a wannan shekarar, sukan fashe. Duka ana gyarawa. Amma Alhaji, ba a nan za mu samu kayan ba."

Duk da haka na nemi a ba ni ita in gwada, magadan kuma suka yi mini karamci, suka ce in riƙe ta kwana biyu. Washegari bayan asuba na bi hanyar Sakkwato, na wuce Samaru gari bai gama farkawa ba. Da na fita cunkoso bayan asibitin koyarwa na Shika, na ga gabana fayau, na taka ta. Wallahi ban taɓa jin abu irin wannan ba. A ƙasa tana tafiya a natse kamar kowace babbar Mercedes, amma da allurar ta haura dubu huɗu sai muryar ta canza, ta zama wani kuka mai kauri mai tsabta, motar kuma ta ci gaba da ja kamar yanzu ta fara. Bayana ya manne da kujera. Na sassauta, na sake takawa don kawai in ƙara ji. Tayoyin inci 16 ɗin nan masu kaurin gefe kuma suna shanye ramuka yadda ya kamata, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a titunanmu. Na dawo gida na ce wa uwargida na samu mota.

Ita ce ta ce, "Alhaji, ka dai je ka ga ɗayar, tunda ka yi wa mutumin alkawari." Don cika alkawarin kawai na je.

Ruwan tokar ba ta kai baƙar kyan gani ba. Kujerar direba ta goge a gefe, bamban baya an taɓa yi masa fenti, kuma ta fi ta yawan mil nesa ba kusa ba. Sai dai mota ce da ake hawa. Mai ita na baya yana zirga-zirga da ita tsakanin Kano da Kaduna, tayoyinta ba su bushe ba, esi yana sanyi, ta tashi bugu ɗaya ba wani ƙara. Makaniken ya haska tocila a kan fulin ƙasa na gaban injin, wanda ke da roba a tsakiya, domin a M113 na farko-farko robar kan saki har fulin ya ci murfin injin. An riga an canza shi. Ya duba soket ɗin wayar giyabos, inda 722.6 ta saba yoyon mai ya bi waya ya hau har cikin kwamfutar giya. A bushe yake. Ya leƙa ƙarƙashi ya tabbatar ba ta da sasfenshon ɗin haidirolik da ake kira ADS, ya ce alhamdu lillahi, domin wannan shi kaɗai yana iya cinye kuɗin wata motar. Baƙar ma ba ta da shi.

Na tuƙa ta a hanyar Kaduna har kusan Jaji. Gaskiya ba ta da wannan kukan. Tana ja da ƙarfi tun daga ƙasa, ka taɓa totur kaɗan ta amsa, wuce tirela ba ya buƙatar shawara, amma in ka kai ta sama sai ka ji ta ƙoshi, ba ta neman ƙari. A cikin gari kuwa, daga PZ zuwa Ƙofar Doka, tsakanin 'yan acaɓa da masu Keke Napep, ita ta fi daɗin sarrafawa, burkinta kuma ya fi kamawa. A nan na fara tambayar kaina sau nawa a wata zan samu hanyar da zan kai allura dubu biyar, sau nawa kuma zan bi ta Tudun Wada a giya ta biyu.

Mako uku na yi ina kai-komo. Abin da ya yanke maganar wata tafiya ce da muka yi Panteka a Kaduna, ni da makaniken, da takarda biyu a hannu: jerin kayan da kowace mota za ta iya nema cikin shekara biyu. Na ruwan tokar, kafin azahar mun ga kusan komai. Dalili kuwa a fili yake: M113 da ƙanensa mai silinda shida, M112, su ne a cikin ML320 da ML430 da E320 da E430 da S500 ta W220, motocin da suka cika ƙasar nan shekara da shekaru. Kwail, famfon ruwa, sensa, gasket, har injin sukutum ɗan Beljiyam, ga su nan a shaguna. Da muka miƙa takardar baƙar, sai a karɓa a duba a girgiza kai. Wani ya ce a gwada Ƙofar Ruwa a Kano. Wani ya ce sai Ladipo a Legas. Wani dattijo mai shago ya ce mini, "Yallaɓai, wannan injin Beast ne, waɗanda suka rage duk an fasa su. In ka samu na hannu, shi ma shekarunsa ɗaya da naka. Sabo kuwa sai ka yi oda daga waje ka jira." Maganarsa ta zauna mini. Ana samun kayan M119 sababbi a Jamus da Amurka, ba wai babu ba ne, amma da dala za ka saya, ka jira makonni, kuma in aka aiko ba daidai ba ka sake jira.

Akwai kuma maganar hannu. Makanikena ya buɗe M112 da M113 ba adadi, yaransa ma sun san su. M119 kuwa ya ce rabonsa da buɗe shi an fi shekara goma, kuma saita tayimin na inji mai sandar kam huɗu ba aikin gwaji ba ne. Na ji daɗin da ya faɗa mini gaskiya bai rufe ni ba. Ni kuma ba motar ajiya nake nema ba. Ina da mota ɗaya ta iyali, wannan kuwa so nake in hau ta ranar Juma'a, in je ɗaurin aure Funtuwa ko Kano da ita, in ta yi tari a gyara ta cikin kwana biyu. Marigayin nan mai baƙar yana da haƙuri da hanyar samo kaya daga waje, littafinsa ya nuna haka. Ni ba ni da su.

Ranar da na mayar da makullin GRA, na zauna a cikinta na ɗan lokaci kafin in fito. Na gaya wa ɗan marigayin abin da makanike ya ji a injin, na roƙe shi kada ya bari kowa ya yi ta tayar da ita kafin a canza robobin sarƙar, kuma ya faɗa wa duk mai saye. Ya yi godiya. Daga baya na ji wani daga Abuja ya ɗauke ta a kan babbar mota, wanda hakan ya kwantar mini da hankali.

Yanzu ga abin da wata takwas suka nuna mini game da ruwan tokar, mai daɗi da marar daɗi.

Rufin shi ne babban ciwon R129, kuma bai san 1998 ko 1999 ba. Tana zuwa da rufi biyu: na ƙarfen alminiyam da sai mutum biyu sun ɗaga, da na tanti da ke naɗe kansa da haidirolik. Silindojin da ke wannan aiki sun fi goma, famfonsu yana but ƙarƙashin safayar taya, kuma robobin cikinsu duk sun haura shekara ashirin da biyar. Dillalin ya nuna mini rufin yana buɗewa yana rufewa, sau ɗaya, ya ce lafiya lau. Kuskurena shi ne ban sa ya maimaita ba, ban kuma shafa saman gilashin gaba da hannu ba. Juma'a ta uku da sayenta, na sa farar shadda, na danna jan maɓallin nan a ƙofar gida don in rufe rufin saboda rana. Yana kullewa sai na ji ɗumi a cinya. Mai ne, siriri, yana ɗiga daga saman gilashi, daidai inda makullin rufin yake, ɗigo bayan ɗigo a kan shaddar. Da muka cire murfin wurin sai muka tarar an cusa tsumma a ciki, ya jiƙe sharkaf. Wanda ya sa tsumman ya san da yoyon. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin da an faɗa mini da zan saya duk da haka, a rage mini kuɗin gyara kawai. Mun canza robobin silindojin gaba guda biyu, sauran kuma muna bi a hankali. Duk mai duba irin motar nan, ya buɗe rufin ya rufe sau uku a jere, ya duba yawan man famfon kafin da bayan, ya shafa ko'ina da farin ƙyalle.

Sau ɗaya ta taɓa tsayar da ni a hanya. Cikin zafin Afrilu ne, na tsaya sayen lemo a Kwangila, na dawo ta ƙi tashi, injin yana juyawa amma ba wuta. Na kira makaniken, ya ce in bar ta ta huce minti ashirin. Ta huce ta tashi. Ya ce sensar kiranshaf ce, halin M113 ne in ta tsufa ta ji zafi. Washegari da safe yaronsa ya hau mota zuwa Kaduna, kafin la'asar an ɗaura sabuwa. Ina tsaye a garejin ina kallon yaron yana ɗaure ƙusa ɗaya tak da ke riƙe da ita, na tuna da takardar nan ta biyu da aka yi ta girgiza wa kai a Panteka.

Filogi 16 kuɗi ne, kuma na baya-bayan suna da wuyar kaiwa, amma ba abin kullum ba ne. Fetur tana sha, babu wani ɓoye-ɓoye, tankinta lita 80 ne kuma a cikin gari ba ya daɗewa. Ba na zuba mata na bumburutu ko na gidan man da ban sani ba. Tana da ƙasa sosai, don haka duk tudun rage gudu sai na hau shi a karkace, akwai kuma lungunan cikin birni da ba na shiga da ita sam, musamman da damina. Tayar inci 17 ta riga ta ci mini rim ɗaya a wani rami, har ina tunanin neman na inci 16, sai makaniken ya ce a fara aunawa a ga ko za su wuce kan babban burkin. Da hunturu ba a buɗe rufi sai mai son cin ƙura, da bazara kuma rana ba ta bari. Lokacinta shi ne bayan ruwa ya ɗauke da yamma, ko sanyin safiyar Oktoba.

In wani ya tambaye ni yau, ba na ce masa 1999 ta fi 1998. Injin 1998 ya fi daɗi, ya fi kyan ƙira, kuma ina ganin masu tara motoci za su ci gaba da fifita shi. Wanda ke da makaniken da ya san M119, da hanyar odar kaya, da wata motar hawa yayin da wannan ke jira, ya ɗauki 1998 kada ya waiwaya, amma ya canza robobin sarƙa da bututun mai kafin ya fara jin daɗinta. Wanda kuma yake zaune a Zariya irina, yana son ya murza makulli ya tafi, 1999 zuwa sama ita ce tasa.

Jiya da yamma an yi ruwa an ɗauke, na buɗe rufin na ɗauki autana muka bi ta Wusasa, dutsen Kufena yana gefenmu ya wanku tas, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta ko'ina. Ya ce, "Baba, taka ta mana." Na taka ta kaɗan, ya riƙe hularsa da hannu biyu yana dariya. Muka juyo kafin magariba saboda hadari ya sake haɗowa ta gabas, na tsaya a gefen hanya na danna maɓallin, rufin ya taso ya kulle, na shafa saman gilashin da yatsa na duba. A bushe yake.